Yadda na bi diddigin hatimin jirgin Farin Nilu a kan wasiƙar gidanmu

Bayan sadakar arba'in ta kakarmu, da aka zo buɗe adakarta, a can ƙasa ƙarƙashin zannuwan saƙi muka tarar da wata tsohuwar gafaka, a ciki kuma akwai ambulan guda ɗaya wanda tsufa ya mayar ruwan ƙasa. An rubuta adireshin Kano da boko, da hannun marubucin wasiƙa irin na bakin gidan waya, a gefe kuma wani ya ƙara sunan kakanmu da ajami. Akwai kan sarki biyu masu hoton itatuwan dabino a bakin ruwa, da hatimi baƙi zagayayye da ya hau kansu, sai wata 'yar takarda da aka liƙe gefen hagu da ita. Gwaggo na ganin ambulan ɗin ta fashe da kuka, ta ce wasiƙar Baba na Gabas ce, ƙanin kakanmu da ya tafi Makka a ƙasa tun kafin a haife ta, bai kuma dawo ba. Daga wannan ranar zuwa ranar da na riƙe takardar shaidar masana kan sahihancin ambulan ɗin a hannuna an yi wata tara. Na rubuta abin da na bi ne saboda na san akwai gidaje da yawa a ƙasar Hausa da ke da irin wannan ajiya, kuma kusan duk kuskuren da zai iya lalata ta ana yin sa ne a makon farko.

Mu ma saura ƙiris mu yi. Wani ƙanina ya ce a kai shagon kwamfuta a liƙe ta cikin leda mai zafi kamar yadda ake yi wa takardar makaranta, wani kuma ya ce kan sarkin ne mai daraja, a jiƙa shi a ɓamɓare a ajiye daban. Ni kaina na ɗauko salatif zan gyara bakin da ya yage. Abin da ya hana mu shi ne Gwaggo, da ta ce kada kowa ya taɓa sai an karanta mata abin da ke ciki. Da mun yi ko ɗaya daga cikin ukun nan, da babu wani masani da zai sake kallon ta, don leda mai zafi ba ta ɓaruwa, danƙon salatif kuma yakan ratsa takarda ya bar tabo har abada.

Wurin farko da na je shi ne gidan waya, don a tunanina su suka buga hatimi, su za su san shi. Ma'aikaciyar da ke kanta ta karɓe ni da mutunci, ta duba, ta ce aikinsu sayar da sababbin kan sarki ne da karɓar saƙo, amma ta kira wani abokin aikinta. Shi ne ya kwatanta mini gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ware wasiƙu, wanda ya daɗe yana tara tsofaffin kan sarki. Ban biya ko kwabo ba a nan, sai dai na yi kusan awa biyu a kan benci kafin mutumin ya samu sarari. Ranar Asabar da hantsi na sami dattijon a zaurensa. Kafin ya taɓa ambulan ɗin sai da ya wanke hannu ya goge, ya shimfiɗa farar takarda a kan tabarma, sannan ya fito da gilashin ƙara girma. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can ya ce, “Ɗana, ka karanta mini abin da ke zagaye da hatimin nan.” Na ce, “Baba, ina ganin WHITE NILE, sai wasu haruffa uku, T.P.O., ƙasa kuma Larabci ne.” Ya ce, “To, wannan ba sunan gari ba ne. Gidan waya ne mai tafiya. A cikin jirgin ruwa aka buga shi.”

A nan na fara fahimtar abin da nake riƙe da shi. A zamanin da Ingila da Masar ke mulkin Sudan tare, jiragen ruwa masu tururi na gwamnati ne ke haɗa arewa da kudu ta kogin Farin Nilu. Daga Kosti, inda titin jirgin ƙasa ya tsallake kogin, jirgi yakan bi ta Renk da Kodok da Malakal, ya ratsa babbar fadamar nan ta Sudd, ya wuce Bor har Juba, tafiyar kilomita kusan 1,400, fiye da mako guda idan ana haurawa. A cikin jirgin akwai ɗan ɗaki da ma'aikacin gidan waya, yana sayar da kan sarki, yana karɓar wasiƙu a duk mashayar da aka tsaya, yana buga musu hatiminsa, yana ware su kafin a iso. Dattijon ya ce abin da ya sa masu tarawa ke neman irin wannan hatimi shi ne wasiƙun da suka bi ta hannun wannan ma'aikaci guda ba su kai ko kusa da waɗanda aka buga a Khartum ba, kuma mafi yawan ambulan ɗin an yar da su tuntuni. Kosti kuwa tana kan hanyar alhazan ƙafa, masu fitowa ta Al-Ubayyid su nufi Sannar da bakin Bahar Maliya. Mutanenmu da yawa sun yada zango a can shekara da shekaru suna neman guzuri, wasu a gonakin auduga na Jazira, wasu a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Jin haka ya sa labarin Baba na Gabas ya daina zama tatsuniya a wurina.

Matsalar ita ce shekara. Rana da wata sun fito, lambar 4 ma ta fito, amma lambar ƙarshe ta faɗa kan ganyen dabino, ba a iya cewa 2 ce ko 7. Bambancin ba ƙarami ba ne, don 1942 tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ce, 1947 kuwa an gama. Dattijon ya ce shi ba zai yanke hukunci ba, ya ba ni shawarar in rubuta wa wata ƙungiyar masu nazarin tarihin wasiƙun Sudan da ke Ingila, in haɗa da hoto mai kyau. Na ba shi goro na naira 5,000, da ƙyar ya karɓa. A kasuwa na sayi gilashin ƙara girma mai ninki goma a kan naira 6,500, da ɗan hantsaki mai faffaɗan baki na riƙe takarda.

Hoton ya ba ni wahala fiye da yadda na zata. Na farko da waya na ɗauka da daddare, hasken fitila ya haske hatimin, inuwar hannuna ta rufe rabi. Na aika haka, na jira kwana goma sha ɗaya, amsar da ta zo layi uku ce: sun gode, amma a sake ɗauka da na'urar sikana, a sa ma'aunin tsabtar hoto na na'urar ya kai 600 ko fiye, a kuma turo bayan ambulan ɗin, don ba su iya cewa komai ba tare da shi ba. Kunya ta kama ni, domin ban taɓa juya ambulan ɗin na duba da kyau ba. Na je shagon kwamfuta, na tsaya a kan yaron da kaina, na hana shi danna murfin da ƙarfi, na biya naira 2,000 na gaba da baya. A bayan kuwa akwai hatimi biyu da na ɗauka datti ne: ɗaya na Khartum, ɗaya na Kano, kuma na Kanon ya fito tsaf da 42.

Amsa ta biyu ta zo bayan mako uku, doguwa, daga wani dattijo da ya rubuta kamar yana koyar da ɗalibi. Ya jera mini hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Kan sarkin mai dabino hoton tsibirin Tuti ne da ke Khartum, an fitar da shi a 1941, kuma a Indiya aka buga shi saboda yaƙi, don haka wasiƙar ba za ta riga 1941 ba. 'Yar takardar da aka liƙe gefe da ita ta jami'an tace wasiƙu ce, waɗanda ke buɗe saƙo su karanta su sake liƙewa a lokacin yaƙi, wannan ya kore 1947. Sai hatimin Kano ya rufe magana. Ya kuma bayyana mini hanyar da ta fi dacewa da kwanakin da ke tsakanin hatiman uku: jirgin ruwa zuwa Kosti, jirgin ƙasa zuwa Khartum, sannan jirgin sama ta Al-Fashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri zuwa Kano. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Khartum da Kano, kuma bayan Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940 ta toshe hanyar Bahar Rum, Chadi kuma ta bi Janar de Gaulle a watan Agusta na shekarar, wannan hanya ta zama jijiyar da ake kai jiragen yaƙi daga Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, zuwa Masar. Wasiƙar talaka mai neman guzurin hajji ta bi sararin da jiragen yaƙi ke bi. Na karanta wannan saƙon ya fi sau biyar a daren.

Ya ƙara da wani bayani da ya kamata duk mai sha'awar abin nan ya riƙe. Hatimin jirgin ruwa iri biyu ne a kan ambulan. Akwai wanda ya hau kan sarkin kansa, wanda ke nuna a jirgin aka jefa wasiƙar, akwai kuma wanda ake bugawa a baya don nuna ta ratsa ta jirgin kawai a kan hanya. Na farkon ya fi wuyar samu, kuma namu shi ne na farkon. Sai dai ya ce ra'ayinsa daga hoto ne, in ina son abin da za a dogara da shi sai kwamitin masana masu tantance tsofaffin kan sarki sun riƙe ambulan ɗin a hannu.

A wannan tsakanin ne zumuɗi ya ɗebe ni. Da na ji akwai wani gidan waya mai tafiya a arewacin Sudan, na jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Shallal, kudu da Aswan, da Wadi Halfa, waɗanda ke haɗa titin jirgin ƙasan Masar da na Sudan, sai na ji ina son in haɗa biyun. Abin da ya ƙara ja na shi ne tsohuwar Halfa ba ta nan yanzu, ruwan babbar madatsar Aswan ya shanye ta a shekarun 1960, aka kwashe mutanenta zuwa Khashmul Girba. Na ga wani ambulan a wani shafin gwanjo na intanet, an rubuta na 1942 ne, da hatimin SHELLAL-HALFA a kan sarki mai raƙumi. Hoton gaba kawai aka sa, ƙarami. Ban nemi na baya ba, ban nuna wa dattijon Ingila ba, ban nuna wa na zaure ba. Na saya fam 38, kuɗin aikowa fam 9. Katina na naira ya ƙi biya, sai da na tura wa wani abokina da ke karatu a can kuɗin ya biya mini. Bayan mako biyar saƙon ya iso, na je na sa hannu na karɓa. A idona ya yi kyau ƙwarai, har ya fi namu tsabta.

Daga nan na shiga batun kwamitin masana a Landan. Fom ɗinsu shafi ɗaya ne ga kowane abu: ƙasa, shekara, lambar kan sarkin a kundin farashi, abin da kake so a tabbatar, da darajar da ka ɗora masa. Wurin lambar kundin ya tsayar da ni kwana huɗu, sai da na koma zauren dattijon muka duba tsohon kundinsa na Stanley Gibbons muka samo. Wurin tambaya kuwa na fara rubuta “ko na gaske ne”, dattijon ya ce in goge. Ya ce, “Ɗana, ka tambayi abu uku daban: hatimin na gaske ne, kan sarkin na wannan ambulan ne tun asali, takardar tacewar ta lokacin ce. Abin da ka tambaya shi za a amsa maka.” Na biya fam 45 a kan kowane ɗaya, da fam 25 na dawo da su da rajista, duk ta hannun abokin nan nawa. Na cire wasiƙar ajamin na bar ta a gida wurin Gwaggo, na sa kowane ambulan cikin ledar ajiya marar danƙo, na matse su tsakanin kwali biyu masu kauri, na naɗe da wata leda saboda damina ce.

A ofishin kamfanin aika saƙo na sha tambayoyi. Da ma'aikacin ya ji kalmar kan sarki sai ya ce ba sa ɗaukar abin da ke matsayin kuɗi. Na yi ta bayani cewa an riga an buga musu hatimi shekara tamanin da suka wuce, ba sa aika komai yanzu, har sai da manajansu ya fito ya duba ya ce a rubuta tsofaffin takardu na tarihi, za a duba a dawo da su. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani, don ita ke nuna wa jami'an kwastan na can cewa ba sayarwa aka yi ba. Na biya naira 95,000, aka ba ni lambar bibiya. Kwana shida saƙon ya isa, suka turo mini da 'yar sanarwa cewa sun karɓa, sai shiru. Kwamitin ba kullum yake zama ba, kuma abin da ya shafi hatimi sukan tura wa wanda ya ƙware a ƙasar. Wata uku da kwana tara na jira. A cikinsu babu ranar da Gwaggo ba ta tambaye ni ba, “Ina takardar Baba?” Ni kuma in ce, “Gwaggo, tana hannun amana.” A zuciyata kuwa tsoro ne fal, don ni na fitar da abin da ya shekara tamanin a adaka na sa shi a jirgi.

Da suka dawo, kowane da takardar shaidarsa mai hoto da lamba. Ta gidanmu gajera ce: hatimin jirgin Farin Nilu na gaske ne, na 1942, kan sarkin na ambulan ɗin ne, takardar tacewa ta lokacin ce, akwai yagewa a baki da tabon tsufa. Ta biyun ita ta sanyaya mini jiki. Ambulan ɗin na 1942 ne, ɓangaren hatimin da ke kan takardar ma na gaske ne, amma kan sarkin ba nasa ba ne. Na asalin ya faɗi ko an cire shi, wani ya liƙa wani a gurbinsa, ya ƙarasa zagayen hatimin a kansa da tawada. Hujjar da suka bayar ta fi komai ƙona mini rai, domin da idona zan iya gani. Kan sarki mai raƙumi, wanda wani hafsan sojan Ingila, Kyaftin Stanton, ya zana aka fara fitarwa a 1898, ya shekara hamsin ana maimaita shi, amma a 1948 an canja rubutun Larabcin da ke ƙarƙashin raƙumin. Wanda ke kan ambulan ɗina mai sabon rubutun ne. Kan sarkin 1948 a kan wasiƙar 1942. Ni da na yi makarantar allo, nake karanta Larabci, ban tsaya na gwada shi da hoton da ke kundi ba. Da na kai wa wani abokina ma'aikacin banki ya haska da fitilar da suke duba jabun kuɗi, tawadar da aka ƙara ta fito daban da ta asali ƙarara, har da zagayen tsohon danƙo inda kan sarkin farko ya zauna.

Na tura wa mai sayarwar hoton takardar shaidar. Ya amsa cewa shi ma haka ya saya, ya mayar mini da fam 38 bayan mako biyu, ya ce in riƙe ambulan ɗin. Kuɗin aikowa da na dubawa sun tafi. Da na yi lissafi, tun daga gilashi har zuwa dawowar saƙo, na kashe sama da naira 400,000 a canjin lokacin, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan asara ce da hoto ɗaya na bayan ambulan da minti goma a gaban kundi za su hana.

Ga wanda ya tsinci irin wannan a gidansu, abin da zan ce shi ne ya bar ambulan yadda ya same shi, don hujjar tana cikin haɗuwar komai da komai: kan sarki, hatimin gaba, hatiman baya, takardar tacewa, adireshi, har da rubutun gefe. Ya fara juya shi ya karanta baya kafin ya tambayi kowa. Ya jera kwanakin hatiman ya ga ko tafiyar za ta yiwu a wannan tazara, ya kuma duba shekarar da aka fitar da kan sarkin, domin kan sarki ba ya riga ranar haihuwarsa. Ya dubi inda zagayen hatimi ya sauka daga kan sarki zuwa takarda, layin ya zama ɗaya, kaurinsa ɗaya, baƙinsa ɗaya. Ya nemi ra'ayin masu nazari da hoto tukuna, wannan kyauta ne, sai haƙurin jira. Kwamitin masana kuwa ba dole ba ne ga kowa. In ba sayarwa za a yi ba, kuma hatiman sun fito sarai, bayanin da na samu a saƙo na biyu ya isa. Ni na aika ne saboda 'yan'uwa sun fara maganar daraja da rabo, ina son a samu takardar da za ta kashe gardama. Kada kuma a sa ran dukiya, kuɗin da na kashe ya fi abin da za a saye ambulan ɗin. Wajen saye, in mai kaya ya ƙi turo hoton baya mai girma, a bar masa kayansa.

Ajiya ma sai an kula. Leda mai laushi irin ta katin aure takan yi gumi ta manne da tawada, don haka na sayi ta ajiyar takardun tarihi, na sa cikin akwatin ƙarfe tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima, nesa da bango saboda gara, ina fito da shi ya sha iska a inuwa sau biyu a damina.

Wasiƙar ajamin kuwa wani malamin unguwarmu ya karanta wa Gwaggo tun ambulan ɗin yana Landan. Layi goma sha huɗu ce. Baba na Gabas ya gai da yayansa da mahaifiyarsu, ya ce yana aikin loda itace a jirgin ruwa, kuɗin guzuri ya kusa cika, in Allah ya yarda bayan yaƙi zai ƙetare zuwa Jidda. Ya roƙi a biya wani maƙwabci bashin sule uku da ya bari. Gwaggo ta sa aka nemo jikokin maƙwabcin a Fagge, ta aika musu da buhun gero. An sa takardar shaidar da ambulan ɗin da wasiƙar wuri ɗaya, mabuɗin akwatin yana hannunta.